Jos: Ramukan Kuza, Kawunan Nok Da Ganuwar Da Ruwa Ke Ci

Duk wanda ya taɓa kwana a Jos cikin watan Disamba ko Janairu ba sai an ba shi labarin sanyi ba. Tun da asuba hazo ke rufe duwatsu, masu shayi su hura wuta a bakin titi, 'yan makaranta su fito cikin rigunan sanyi hannuwa a hammata, baƙon da ya zo daga Sakkwato ko Maiduguri kuwa ya rasa inda zai sa kansa. Dalili shi ne garin a bisa tudu yake, wajen ƙafa 4,000 sama da teku, duwatsun Shere da ke gabas da shi kuma sun kai ƙafa 6,000. Ruwan saman da ya sauka a kan wannan tudu rabuwa yake yi. Wani ya bi kogin Kaduna ya faɗa Kwara, wani ya bi Gongola ya faɗa Binuwai, wani kuma ya bi kogin Dilimi da ya ratsa garin, ya nufi arewa maso gabas, ƙasar Tafkin Chadi.

Yawancin baƙi abin da suke komawa gida da shi ke nan, watau labarin sanyi, da buhun dankalin Turawa, da kwandon tumatir da kabeji. Kaɗan ne ke ware rabin yini su leƙa Gidan Tarihi na Jos, wanda ke tsakiyar gari kusa da gidan namun daji. Alhali kuwa a wannan fili guda an tara abubuwan da mutum zai daɗe bai ga irinsu wuri ɗaya ba: kawunan yumɓu da suka haura shekara 2,000, da littattafan malamai rubutun hannu, da ganuwar Kano da masallacin Zariya waɗanda aka sake ginawa da jar ƙasa. Kowanne da irin tsufansa, kowanne kuma da irin kulawar da yake nema daga mutanen yau. Kafin a zo ga wannan, ya kamata a san abin da ya tara su a Jos tun farko, watau haƙar kuza.

MAFARIN LABARI

Tun kafin zuwan Turawa mutanen wannan yanki sun san kuza. Akwai maƙera a Liruwen Kano da Liruwen Dalma waɗanda ke wanke baƙin yashin nan daga rafi, su narka shi, su zuba shi sirara-sirara kamar tsinken tsintsiya, fatake su saya su kai kasuwanni. Da irin waɗannan tsinkaye suka faɗa hannun ma'aikatan Kamfanin Neja a bakin Binuwai, sai kamfanin ya sa a bi sawu a gano inda suke fitowa. Cikin 1902 aka aiko masu bincike na farko. Kanar Laws ya biyo baya a 1903, ba da jimawa ba kuma ya kafa sansani a Naraguta. Ba da lalama aka shiga ƙasar Birom da maƙwabtansu ba, sojoji ne suka share wa kamfanoni hanya.

Da farko a ka ake ɗaukar kuza, 'yan dako su yi tafiyar kwanaki har Loko a bakin Binuwai. Cikin 1914 ƙaramin jirgin ƙasa ya iso daga Zariya, a 1927 kuma babban layin dogo ya hau tudun ta Kafancan. An rufe ƙaramin layin a 1957, kuma daga cikin tsofaffin kawunan jirginsa akwai waɗanda aka ajiye a harabar Gidan Tarihi. Jirgi ya kawo jama'a daga ko'ina: Hausawa da Barebari, da Yarbawa da Ibo da Urhobo, har da mutanen Gana da Saliyo. Suka tarar da Birom da Anaguta da Afizere, gari ya cika ya tumbatsa.

Lokacin yaƙin duniya na biyu abin ya yi tsanani. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar mahaƙarta, sai ta juyo kan Jos. Aka kafa aikin tilas, wanda talakawa suka riƙa kira ɗiban gwamna, aka kwaso dubban mutane daga lardunan Arewa. Da yawansu ba su taɓa sanin irin wannan sanyi ba, ga ƙarancin abinci, ga cunkoso a bariki, mutane da dama suka mutu kafin a soke tsarin a 1944.

Masana duwatsu sun ce manyan duwatsun da ke ɗauke da kuza a wannan tudu sun haura shekara miliyan 150. Rana da ruwa ke marmashe su sannu a hankali, ruwa ya kwashi ɓarɓashin zuwa rafuka, mai nauyi ya kwanta a ƙasa, sa'an nan laka ta binne shi. Saboda haka mai neman kuza dole ya yaye ƙasar sama har ya kai ga tsohon kwarin rafin da ya ƙafe tun zamanin da. To, duk abin da ruwa ya taɓa jefawa cikin wannan rafi, shi ma a nan za a same shi.

KAN DA YA YI GADIN DOYA

Cikin 1928 leburori na haƙa a kusa da ƙauyen Nok, ƙasar Jaba a kudancin Jihar Kaduna ta yanzu, sai suka tono wani ɗan ƙaramin kai na gasasshen yumɓu mai kama da kan biri. Baturen mahaƙar, Kanar Dent Young, ya kai shi Jos aka ajiye, ba wanda ya ƙara waiwayarsa. Bayan shekara 15, watau a 1943, aka sake tono wani kan a wajen Jama'a, wannan karon na mutum. Wani ma'aikacin mahaƙar ya tafi da shi gida, ya kafa shi a gonarsa ta doya ya zama mutum-mutumi, ya shekara guda yana wannan gadi cikin rana da ruwa. Daga nan ne labarinsa ya kai Jos, aka nuna shi ga wani matashin Bature mai suna Bernard Fagg, wanda a lokacin ƙaramin ma'aikacin mulki ne, amma ya karanta ilmin tone-tonen tarihi a Kambirij.

Fagg ya ɗora wannan kai kusa da na 1928, ya ga hannu iri ɗaya ne ya yi su. Sai ya shiga bin mahaƙai yana roƙon leburori da masu kamfani, duk wanda ya ga wani abu na yumɓu kada ya fasa, kada ya yar. Kafin 'yan shekaru kaya sun taru, aka sa musu sunan ƙauyen da aka fara samunsu, watau Nok. Neman wurin da za a adana su na cikin dalilan da suka sa aka gina Gidan Tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, shekara 5 kafin a buɗe na Ikko.

Wanda ya tsaya gaban ɗaya daga cikin kawunan nan zai fara lura da idanu. Manya ne, masu kusurwa uku, an huda ƙwayar kowanne, haka ma hanci da kunne da baki. Cikinsu rami ne, domin yadda ake gina tulu haka aka gina su, ana ɗora igiyar yumɓu bisa igiya, hudojin kuma sun taimaka zafi ya fita wajen gashi don kada su tsage. Sa'an nan ga kitso iri-iri, da tukkaye, da gemu, da duwatsun wuya da na hannu jere-jere. Mace mai zuwa gidan kitso ran Juma'a, in ta dubi kan da kyau, za ta gane cewa waɗanda suka yi shi sun san kwalliya kamar yadda ta san ta.

Tone-tonen da Fagg ya yi a Taruga, kusa da Abuja, sun fito da matoyar tama wadda ta haura shekara 2,300, abin da ya sa mutanen Nok cikin na farko-farkon da suka narka ƙarfe a Afirka ta Yamma. Daga 2005 kuma masana daga jami'ar Frankfurt ta Jamus, tare da takwarorinsu na Nijeriya, suka shiga sabon bincike. Suka gano cewa mutanen sun fara zama a yankin tun wajen shekara 3,500 da suka wuce, suna noman gero da wake. A 2021 aka bayyana sakamakon gwajin da aka yi wa ɗaruruwan katangar tukwanensu, inda aka sami alamar kakin zuma a jikin da yawa daga ciki. Ashe tun wancan zamani ana ɗebe zuma a wannan ƙasa. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, to ga wadda ta fi kowace tsufa, sauranta a jikin kasko.

Kusa da ɗakin kawunan akwai rumfunan tukwane, inda aka jera tuluna da randuna da kaskwaye daga sassan Nijeriya. Wata Baturiya, Sylvia Leith-Ross, ita ta yi ɗawainiyar tara su, ta kuma rubuta littafi a kansu wanda ya fito a 1970. A lokacin kayan yau da kullum ne, ana samunsu a kowace kasuwar ƙauye. Yanzu da roba da jarka suka mamaye gidaje, akwai irin tukwanen da yaro ba zai gani ba sai ya zo nan.

HANNUN ƁARAYI

Yumɓun da ya sha wuta ba ya tsoron ruwa, ba ya tsoron gara. Abin da ya fi yi wa kayan Nok ɓarna shi ne kuɗi. Cikin Janairun 1987 ɓarayi suka fasa Gidan Tarihi na Jos da dare, suka yi wa mai gadi dūka, suka kwashe kaya 9 masu daraja. Ɗaya daga ciki, kan tagulla na Ife, sai bayan shekara 30 ya ɓulla a Ingila ana neman sayar da shi.

A shekarun 1990 kuwa abin ya koma daji. Dillalai suka riƙa ba matasan ƙauye 'yan kuɗi suna tone tsofaffin kufai, ana loda abin da aka samu ana fita da shi ta kan iyaka zuwa Turai da Amurka. A shekarar 2000 aka baje wasu sassaƙe-sassaƙen Nok a gidan tarihi na Louvre da ke Faris, aka yi ta cece-kuce, daga baya Faransa ta amince cewa mallakar Nijeriya ne, aka bar mata su aro na shekara 25. Asarar ta wuce ta kayan kansu. Mai bincike yana karanta ƙasa ne kamar shafi, yana duba abin da ke sama da abin da ke ƙasa, da gawayin da ke gefe wanda ake auna shekaru da shi. In ɗan tono ya riga shi da diga, ya birkice wurin, wannan labari ya tafi ke nan, ko da an dawo da kan daga baya.

TAKARDUN MALAMAI

Ba kowa ya san cewa Gidan Tarihi na Jos na ajiye da ɗaruruwan littattafan Larabci da ajami rubutun hannu ba. Tun 1965 wasu masana biyu, Aida Arif da Ahmad Abu Hakima, suka buga littafin da ya jera sunayensu tare da na ɗakin karatu na Majalisar Lugga a Kaduna. Akwai fiƙihu da tauhidi, da nahawu, da waƙoƙin wa'azi, da wasiƙu.

Irin waɗannan littattafai ba a ɗinke suke ba. Warƙa-warƙa ne, a tara su tsakanin kwali biyu, a ɗaure da tsirkiyar fata, a sa cikin gafaka. Domin kada su rikice, marubuci yakan rubuta kalmar farko ta shafi na gaba a ƙasan shafin da ya gama. In iska ta watsa littafi, ko yaro ya zubar da shi, da wannan 'yar kalma ake bi a mai da kowace warƙa wurinta. Wanda ya ɗaga tsohuwar takarda ya duba ta a hasken rana, sau da yawa zai ga alamar jinjirin wata guda uku a cikinta. Wannan tambarin masana'antun arewacin Italiya ne, takardar kuwa ta ratso Sahara a bayan raƙumi ta hanyar Tarabulus ko Masar. Tawada ta gida ce, ta gawayi da ƙaro ko ta bagaruwa, alƙalami kuma na kara. A ƙarshen littafi mai kwafe yakan roƙi duk wanda ya karanta ya yi masa addu'a, shi da iyayensa da malamansa.

Takarda ba ta da ƙarfin yumɓu. Gara na cinta, kyankyaso da ɓera na cinta, danshin damina na sa ta ruɓe, wani lokaci tawadar kanta ke ƙone ta. Kuma abin da ke gidajen ajiya na gwamnati kaɗan ne bisa ga abin da ke hannun jama'a. A unguwannin Jos da Bukuru, kamar sauran garuruwan Arewa, akwai gidajen da gafakar kaka ke cikin akwati a ƙarƙashin gado, magada suna girmama ta amma ba mai buɗe ta, domin a cikinsu babu wanda ya iya karanta ajami. Sai ran da za a tashi daga gida a ɗaga murfi, a tarar da gari. Yanzu kuwa da na'urar ɗaukar hoto ana iya kwafe littafi duka cikin yini guda, mai shi ya koma gida da abinsa. Gidan Arewa a Kaduna da Jami'ar Bayero ta Kano na cikin wuraren da suka saba da irin wannan aiki.

GANUWAR KANO A JOS

In mutum ya fito daga ɗakunan nan ya bi 'yar hanya cikin itatuwa, sai ya ga abin mamaki: ganuwa mai tsawo da ƙofa irin ta Kano, da wani sashe na fadar Katsina, da masallacin Juma'a na Zariya, da gine-ginen wasu ƙabilu na kudu da na tsakiyar ƙasa. Wannan shi ne Gidan Gine-ginen Gargajiya na Nijeriya, wanda aka fara ginawa a shekarun 1970. Wani shaihin malami ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, shi ne ya tsara shi, bayan ya yi shekaru yana yawo da awo da takarda yana auna tsofaffin gidaje da masallatai. Ya rasu a 1982, littafinsa mai juzu'i 3 kan gine-ginen gargajiya na ƙasar nan kuwa sai a 1990 ya fito.

Masallacin Zariya shi ya fi tsai da mutane. Na asalin an gina shi ne zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830, kuma Babban Gwani Mika'ilu ne ya gina shi. Ba siminti, ba rodi. Tubali ne da azara, aka lanƙwasa su suka zama bakan gizo da ɗaurin guga, aka yi wa ginshiƙai zane mai zurfi. A shekarun 1970 aka rufe na Zariya da sabon gini na zamani, saboda haka mai son ganin yadda siffarsa take a da, Jos zai zo. A watan Agusta na 2023 wani sashe na masallacin Zariya ya rufta ana cikin sallar la'asar, aka rasa rayukan masallata. Daga wannan rana darajar na Jos ta ƙaru, nauyin da ke kan masu kula da shi ma ya ƙaru.

Magina sun san cewa ginin ƙasa ba a gama shi. Kowace shekara bayan damina sai an bi shi da yaɓe, a toshe tsaga, a gyara indararo, a shafe soro da makuba ko laso don ruwa ya zame. A Kano ta da, gyaran ganuwa aikin gayya ne, sarki ke sa a yi shela kowane yanki ya fito ya kama rabonsa. Ganuwar da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu, shekara 900 da suka wuce, da wannan dabara ta kai ƙarni na 20. Da aka daina fitowa, ga yadda ta koma: wani wuri tudu, wani wuri an ɗebe ƙasar an yi bulo, wani wuri gidaje sun hau kai.

To, ruwan Jos ya fi na Kano da Katsina nesa ba kusa ba. Daga Afrilu har Oktoba ake sheƙa shi, wani lokaci har da ƙanƙara. Ginin da aka tsara don ƙasa mai ƙarancin ruwa, in aka kawo shi nan, kulawar da yake nema ninki ce. Shekara guda ba yaɓe, bango ya fara zubar da fata. Shekara uku, ciyawa ta tsiro a soro, azara ta jiƙe, gara ta sami hanya. Jaridu sun sha kawo rahoton yadda wasu sassan wurin suka lalace saboda rashin kuɗin gyara. Wani abin damuwa kuma shi ne maginan da suka iya ɗaurin guga suna ƙarewa, 'ya'yansu sun koma aikin bulo da kwano. A 1963 aka kafa makarantar horar da ma'aikatan gidajen tarihi a Jos da taimakon UNESCO, ɗalibai suka riƙa zuwa daga ƙasashen Afirka. Garin da ya koyar da wasu yadda ake adana kaya bai kamata nasa su zube a gabansa ba.

ABIN DA KAMFANONI SUKA BARI

Haƙar kuza da ta fito da wannan dukiya ta tarihi ta bar nata tabon. Duk wanda ya bi hanyar Bukuru zuwa Barikin Ladi zai ga tarin ƙasa ja da fari kamar ƙananan duwatsu, da ɗaruruwan kududdufai masu zurfi cike da ruwa. Gonaki ne a da, inda ake shuka acca a bayan shingen ƙyarana. A watan Oktoba na 1985 farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar Landan, manyan kamfanonin da dama suna tangal-tangal suka naɗe tabarma, suka bar injuna suna tsatsa.

Ƙasa ba ta zauna haka ba. An dasa itatuwan turare a kan wasu tuddan da aka baje, sun girma sun zama kurmi. Ruwan kududdufai ya zama abin noman rani, da shi ake ban ruwan tumatir da karas da latas da kabejin da ake lodawa zuwa Ikko da Fatakwal. Tafkin Rayfield, inda mutanen gari ke zuwa shan iska, tsohon ramin kuza ne. Da yamma balbelu na sauka a gefensa, wanda bai san labari ba sai ya ɗauka haka Allah ya halicci wurin. Amma waɗannan ruwaye sun ci yara da dabbobi ba adadi, domin bakinsu a tsaye yake, ba gangare.

Haƙar ma ba ta mutu ba. Kusan rabin dalmar da duniya ke amfani da ita yau wajen liƙa wayoyin cikin rediyo da kwamfuta da wayar hannu take tafiya, saboda haka kuza na da kasuwa. Matasa maza da mata na haƙa ramuka masu ƙunci da diga da shebur, suna sauka da igiya, ana kuma yawan jin labarin rami ya rufta da mutane.

GWANGWANI DA TSIRKIYA ƊAYA

A da, babban amfanin dalma shi ne shafe gwangwanin abinci don kada ya yi tsatsa. Watau abin da lebura ya wanke a Bukuru yakan tafi Ingila a jirgin ruwa, ya dawo kanti a jikin gwangwanin madara ko na kifi. A wannan Bukuru aka haifi Alhaji Adamu Ɗanmaraya Jos a 1946. Iyayensa sun rasu yana ƙarami, Sarkin Hausawan Bukuru ya riƙe shi. Abin kiɗansa kuntigi, wanda akan yi da gwangwanin kifi a rufe da fatar akuya a ɗaura masa tsirkiya ɗaya.

Da wannan ɗan abu ya zaga duniya. Ya yi wa manya waƙa, amma abin da ya fi fito da shi shi ne waƙoƙin talakawa da zaman yau da kullum, irin su Waƙar Karen Mota da Jawabin Aure. Ya rasu ran 20 ga Yuni, 2015. Waƙoƙinsa na farko a faifan garmaho da kaset suke, kaset kuwa yana shan danshi ya manne kamar yadda takarda ke ruɓewa. Su ma suna neman wanda zai tattara su, ya rubuta shekarar da aka yi kowace, ya ajiye inda ɗalibi zai same su.

SAURA ME?

Mutanen Jos sun san yadda abu ke ɓacewa dare ɗaya. Babbar kasuwar Taminus, wadda ake alfahari da ita a Afirka ta Yamma, ta ƙone a Fabrairun 2002, watanni kaɗan bayan rikicin Satumba na 2001 da ya raba unguwanni. Yaran da aka haifa bayan wannan sun girma, da yawansu ba su taɓa shiga unguwar da ba ta addininsu ba. Gidan Tarihi na cikin wuraren da ɗan Gangare da ɗan Tudun Wada za su tsaya kafaɗa da kafaɗa su dubi abu ɗaya, wanda ya girmi duk wata rigimar da suka gada.

Saboda haka akwai aiki a gaban kowa. Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa da Gwamnatin Jihar Filato su ware kuɗin yaɓe a kasafin kowace shekara, kada a jira sai bango ya faɗi a kira ɗan kwangila. Masarautun Kano da Katsina da Zazzau, waɗanda gine-ginensu ne aka kwaikwaya, suna da magina, za su iya aiko su da almajiransu, a yi gyara a kuma koyi sana'a. Masu gafaka a gida su buɗe ta su sha mata iska, su nemi a ɗauki hotonta. Shugabannin makarantu kuma su kai yara ko sau ɗaya a shekara, domin tun ran gini ran zane, kuma gani ya kori ji.

Lokacin wannan aiki shi ne rani, sa'ad da ƙasa ke bushewa da wuri, hanya kuma ba caɓi. Ruwan farko yakan sauka a Jos cikin watan Afrilu, bangon da ba a yaɓe ba kafin nan kuwa haka zai shiga wata damina.